Hanyar Kufan Madaci

Delu ta riga kowa gane cewa idon Malam Labaran ya fara tafiya. Tun cikin azumi ta ga ya tsiyaya shayi a gefen kofi, ya ɗora laifin a kan bakin buta. Bayan salla kuwa, rigar maƙwabcinsu da aka shanya a igiya ya yi wa sallama, da ba ta amsa ba ya shigo gida yana faɗa, wai mutanen Kaduna na yanzu ba su san gaisuwa ba. Delu ta ce masa yana da gaskiya, ta ci gaba da tankaɗe, amma ranar ko tuwo ba ta ci ba.

Ba ta yi masa maganar ba, domin shekara talatin da biyu tana zaune da shi, ta san kayanta. Mutum ne da ya gwammace ya kwana da yunwa da a ce masa sannu. Duk ƙuruciyarsa a ma'aikatar safiyo ta ƙare, yana jan sarƙar awo a dajin da ke tsakanin Kaduna da Zariya, har ya zama ko masallaci za shi sai ya ƙidaya takunsa. Da ya yi ritaya, ƙungiyar ma'aikatan ofishinsu da ke Doka ba ta sake shi ba. Duk shekara idan ruwa ya ɗauke sukan ɗauki bas ranar Lahadi, shi kuma ya kai su Kufan Madaci, wani tsohon gari da ya tashi tun kafin jihadi, ya ba su tarihi, daga nan ya gangara da su Ƙwarya, wani tafki a cikin dutse inda ake iyo. Wannan tafiya ita ce abin da ya rage masa na tinƙaho. A nan ne manyan akawu masu lakataye suke bin bayansa suna cewa Baba.

Delu ba ta taɓa zuwa ba, amma ta ji labarin hanyar har ya gundure ta. Da tuwo ake ci, da kunu ake sha. Sau nawa ta yi barci labarin yana wajen giginyu biyu, ta farka ta tarar an kai bakin ganuwa.

To, a kakar 1975 sai ga Ɗahiru, sakataren ƙungiyar, ya zo har gida ya ce Lahadi mai zuwa za a tafi. Malam ya amsa da ƙarfinsa. Delu tana daga ɗaki tana jin su. Abin da take tsoro guda ne: kada mijinta ya ɓata a daji da mutum ashirin a bayansa, yaran da ya girme wa iyayensu su kamo hannunsa su dawo da shi mota suna tausayinsa. Ta san in haka ta faru, ba zai ƙara fita ko ƙofar gida ba.

Ranar Lahadi da sassafe ya tarar da ita ta yafa mayafi, ga ƙwaryar fura ga kwanon dambu. Ya tambaye ta abin da tsohuwa za ta nema a kufai. Ta ce ta gaji da jin labari, yau sai ta gani da idonta ko ƙari yake yi mata. Ya yi tsaki, ya ce kada dai ta ce zai goya ta.

Bala direba ya kwashe su daga Doka, suka bi ta Kawo, suka wuce Katabu, sannan ya gangara gefen titi ya tsaya a gindin wani babban madaci. Mutum goma sha bakwai ne, huɗu mata, cikinsu har da Malama Hasiya, malamar firamare, wadda ta karɓar wa Delu kwanon dambu. Malam ya sauko, ya dafa jikin madacin kamar mai gaida tsohon aboki, ya ciro carbi, ya shiga gaba. Delu ta bi bayansa kamar yadda ta saba.

Ba a yi nisa ba ta gano dabararsa. Duk taku goma sai ya ja ƙwaya ɗaya. Hanyar ta ratsa ta cikin gonakin dawa ne, dawar kuwa ta fi mutum tsawo, ga ƙananan hanyoyin manoma suna ɓallewa dama da hagu, kowace kamar 'yar'uwarta. A taku na ɗari takwas ake karyawa hagu, wannan ko Delu ta haddace. Ta ji Bala yana raɗa wa Ɗahiru cewa Baba ba ya wasa da zikiri, ko a tafe bakinsa bai huta ba. Dariya ta so ƙwace mata, sai kuma ta ji ƙwalla.

Da an bar shi da lissafinsa, da ya kai su lafiya. Sai ga wani dattijo da jaki ya ɓullo daga gona, ya tsaya cak, ya kira sunansa. Rabe ne, manomin da yakan sauke 'yan safiyo a gidansa shekarun baya. Malam ya gane muryar. Aka shiga gaisuwa, shi kuwa babban yatsansa yana danne da ƙwayar da ya tsaya a kai. An gaida gida, an gaida gajiya, an tambayi amfanin gona, yatsan bai motsa ba. Da ya tambayi mai ɗaki, sai Rabe ya sunkuyar da kai, ya ce ai Allah ya yi mata rasuwa da damina.

Wa zai yi ta'aziyya hannunsa a dunƙule? Malam ya buɗe tafukansa biyu, carbin ya zame zuwa wuyan hannu, ya yi wa mamaciyar addu'a mai tsawo, domin ya sha furarta ba sau ɗaya ba. Kowa ya ɗaga hannu, aka shafa. Rabe ya yi godiya, ya kora jakinsa ya nufi titi.

Delu tana kallo yatsun mijinta suka koma kan carbin suna lalube. Suka yi gaba, suka dawo baya, suka tsaya. Ya ɗan ci gaba da tafiya a hankali, sandarsa tana taɓa karan dawa, har ya ji wata hanya ta buɗe a hagu. Nan ya ja ya tsaya, wai yana jiran mata su huta. Gumi yana gangarowa ta ƙarƙashin hularsa.

Ɗahiru ya duba agogo ya ce, “Baba, nan za mu karya ne?”

Malam ya buɗe baki. Delu ta san in ya ce e, girman kai ba zai bar shi ya janye ba. Ta ɗaga kai, can gaba a saman dawa ta hango kawunan giginyu biyu, ɗaya ta karkata kan ɗayar, daidai yadda ya sha faɗa mata tana hamma.

“Malam,” ta ce da ƙarfi, “ni fa ƙafafuna sun gaji. Giginyun nan biyu da ka ce a wurinsu ake karyawa, ga su can gaba kamar jifa uku. Don Allah ka yanke mana ta nan mu huta.”

Malam ya rufe baki. Sannan ya gyara tsayuwa, ya ce ba a yanke a daji, mai yanke shi ke kwana a hanya, dama shi ya sa ya ce ta zauna a gida. Aka kwashe da dariya. Ya miƙe sosai ya nufi gaba, carbin yana lilo a hannunsa.

Daga nan Delu ta buɗe bakin mita, ba ta rufe ba. Da suka kai giginyun ta ce to ga su, sai a karya kafin ta faɗi. Ta tsine wa surin da ke hannun dama, wai ya tsaya wa mutane a hanya. Ta ce wannan rami da ruwa ya zaizaye a gaba, wa zai tsallaka shi in ba ta gefen hagu ba. Saiwar da ta gitta hanya ma ba ta tsira ba, ta ce saura taku uku ta kayar da ita. Shi kuwa yana amsa mata da tsaki, ƙafarsa tana bin maganarta. Matar da a unguwa ba a taɓa jin muryarta ta haura katanga ba, yau ga ta tana yi wa miji ƙorafi gaban baƙi. Ta ji wata tana ce wa Malama Hasiya lalle Baba mai haƙuri ne. Abin ya sosa mata rai, amma ta haɗiye, ta nemi wani dutsen ta zaga.

Da suka iso kufan, Malam ya dawo Malam. Ya dafa ragowar ganuwa, jar ƙasa mai kaurin da mutum biyu za su kwanta a kai, ya nuna inda ƙofar gabas take. Ya sa aka tono masa kashin maƙera da tsingaro, ya murza a hannu ya ce wannan bakin tulu ne, wannan na tukunyar miya. Ya kai su kan falalen da mata suka yi niƙa har dutse ya lotsa. Ya ce mutanen garin ba yaƙi ne ya tashe su ba, rijiyoyinsu ne suka ƙafe shekara uku a jere, suka ɗaure kaya suka bar komai. Akawu suna rubutawa, Ɗahiru yana ɗaukar hoto. Delu ta ji shi sau ɗari a tsakar gida, amma ba ta taɓa ganin mutane sun yi tsit saboda shi ba. Ta tsaya tana kallonsa, tana alfahari da shi kamar amarya. Sai da ya doshi tsofaffin ramukan marina da ciyawa ta rufe, sannan ta tuna aikinta, ta ce ita dai ba za ta matsa kusa da ramukan nan shida da ke gabansa ba. Ya tsaya nan inda yake ya yi bayaninsu.

Gangaren Ƙwarya bai ba shi wuya ba, ƙarar ruwan ce ta ja shi. Ya gargaɗi samari cewa gefen da dutse ya yi rumfa ya fi mutum biyu zurfi, wanda bai iya ba ya tsaya a bakin yashi. Maza suka tuɓe riguna suka faɗa, mata suka zaga bayan dutse inda ruwan bai wuce gwiwa ba. Kafin Ɗahiru ya shiga sai da ya ce ko an ɗaure wa Baba ido zai kawo mutane nan. Malam ya yi murmushi.

Delu ta shimfiɗa masa ɗankwali a inuwar wani ɓaure, nesa kaɗan da jama'a, ta dama fura. Ta kamo hannunsa ta ɗora a kan ludayi, kamar ba da gangan ba. Ya sha uku ya ajiye.

“Tun yaushe kika sani?”

“Tun azumi.”

Ya ce shi da yake zaton barci take yi in yana ba da labari. Ta ce barcin take yi, kunnen ne ba ya barci. Ya ɗan yi dariya. Ya ce yanzu ba ya ganin komai sai fari-fari, kamar an shafa wa duniya koko, kuma wata huɗu ke nan yana tsoron ranar da za ta gane. Ta ce ina amfanin zaman shekara talatin in mutum zai ji tsoron matarsa. Ta gaya masa yanar ido ce, ana cirewa a asibiti, mijin ƙanwarta ma an yi masa. Bai musa ba, wanda a wurin Malam Labaran ya fi amsawa.

Sai ya juya fuskarsa wajen ruwan, ya tambaye ta ko har yanzu ana ganin tsakuwar ƙasa. Ta duba. Ta ce ana gani, fari da ja, ga ƙananan kifaye suna bin ƙafafun samari, tsakiyar kuma kore ne shar. Ta ce bai yi mata ƙari ba, ya ma rage. Ya gyaɗa kai, yana sauraro kamar ba shi ya fara kawo mutane wurin ba.

Aka ci dambu, aka yi azahar a kan falale. Da rana ta karkata Bala ya ce a kama hanya kafin titi ya cika da manyan motoci. Mutane suka haɗa kaya suka tsaya suna jiran Baba ya shiga gaba. Malam ya miƙe, ya tura carbin can cikin aljihu, ya yi magana ƙasa-ƙasa yadda ita kaɗai za ta ji.

“Delu, ki shiga gaba. Ki daina mitar nan haka, ta isa, kin zubar da mutuncinki saboda nawa.”

Sannan ya ɗaga murya ya ce wa jama'a tunda tsohuwa ta fi kowa son gida, yau ita za ta ja su, a gani ko ta koyi wani abu.

Tun da aka kawo ta gidansa ba ta taɓa tafiya a gabansa ba. Ta ɗora ƙwarya a ka, ta ja mayafi ta goge ido, ta kama hanyar giginyu. Ba ta yi sauri ba, kuma tana jan silifas ɗinta a ƙasa da ƙarfi don ya riƙa jin inda ta taka.