Kwalba ta Ɗaya

Shekarar ƙarin albashin Udoji, lokacin da kowane ma'aikaci ke yawo da sabuwar rediyo a hammata, masu binciken ciwon tsargiya suka sauka a Birnin Kudu. Shugabansu Dakta Hambali ne, mutumin kirki, sai dai bai cika tambayar abin da takarda ba ta tambaya ba.

Da suka iso wani ƙauye a ƙasar Gwaram, suka kafa tebur a ƙofar gidan dagaci, suka karɓi fitsarin maza. Mata kuwa, sai a tambayi maigida, "Iyali fa?" Shi kuma ya ce, "Lafiya ƙalau." To, me zai ce a gaban jama'a? Haka aka rubuta cewa matan garin ba su da ciwon, tunda ba su noman fadama.

Kubra, ungozomar da ke aiki a ɗakin shan maganin ƙauyen, ta ji abin har cikin ranta. Ta san wa ke wanki a rafi tun da asuba. Ta san matan da ke fitsarin jini suna ɓoyewa don kunya. Kuma ta ji da kunnenta cewa da wannan rahoton za a aiko da magani, iya waɗanda aka rubuta kawai. Ranar Litinin za a tafi da shi Kano.

Ta roƙi kwalabe, aka ce an ƙirga su daidai da maza. Ba ta ja magana ba. Ta bi gida-gida tana tara kwalaben turare da na man shafawa, ta dafa su a tukunyar tuwonta. Kwana uku tana lallashin matan su ba da fitsari, wata ta yi mata dariya, wata ta rufe fuska da zane ta miƙo.

Ranar Asabar ta hau motar 'yan kasuwa zuwa Birnin Kudu, kwando a cinya, ta hana kowa taɓawa.

"Malama, wannan fa?" in ji Dakta Hambali.

"Iyalin da aka ce maka suna lafiya ne, ranka ya daɗe. Su arba'in da biyu."

Ya so ya ce aiki ya riga ya ƙare, amma ya ga ba ta da niyyar tashi. Ya jawo madubinsa na ganin ƙwayoyin cuta. Ya duba ta farko, ya sake dubawa. Ya duba ta biyu. Har la'asar bai ɗaga kai ba. Talatin da ɗaya na da ƙwan tsargiya, sun ma fi mazan.

Ya cire tabarau ya shafa ido. "Kin yi aiki, Malama. Sai dai ba a karɓar rahoto babu sunaye, kuma na san matanmu, ba wadda za ta yarda a rubuta ta da irin wannan ciwo."

Akwai maza huɗu a ɗakin, duk suna saurare. Kubra ta ji kunya ta taso mata, ta danne. Ta gyara mayafinta, ta miƙe tsaye.

"Sun yarda, in dai ni ce a gaba. Ɗauki alƙalaminka. Kwalba ta ɗaya, Kubra Dogara. Ta biyu, Batulu, ƙanwata."

Ya yi ta rubutu, tana faɗa masa ɗaya bayan ɗaya, ba ta rage murya ba.