Ƙotar Bindigar Baba Labaran

"Ɗauke min wannan abin daga kan sikeli, Baba, kafin wani ya shigo."

Baba Labaran bai ɗauke ba. Sai ma ya gyara masa zama, ya yaye tsumman da ya lulluɓe shi, kamar mai nuna jariri ranar suna. Katako ne ja mai duhu, tsawon kamu guda, sai sheƙi yake yi. Ko makaho ya shafa ya san ƙotar bindiga ce, wajen nan da ake dafawa a kafaɗa.

"Ice ne, Maharazu. Ka taɓa jin an harbe mutum da ice?"

"Ka je ka faɗa wa kwastan na Apapa haka."

Maharazu yana da shagon kago a wani lungu na kasuwar Murshid Bazaar a Dubai, inda 'yan kasuwar Kano ke jibge masa kaya ya loda a kwantena. Shekarar 2012 ce, wata uku bayan bama-baman Kano, lokacin da ko bindigar roba ta yara aka gani a kayanka sai ka yi bayani har bakinka ya bushe. Kuma kwantenar ba tasa ba ce shi kaɗai, amanar mutum arba'in ce a ciki. Gaskiyarsa ce ya ji tsoro. Abin da ya biyo baya ne ba shi da gaskiya ko ta anini.

Maƙwabta ne shi da tsohon. Bene ɗaya a Al Sabkha, hawa na uku, katako ne kawai ya raba ɗakunansu, shekara bakwai yana jin tarinsa da karatunsa. Labarin bindigar kuwa babu wanda bai haddace ba a benen. Mak-fo ce, tsohuwar bindigar soja, ubansu ya mallake ta da lasisi bayan ya ajiye kaki, yana korar birai daga gona can bayan Sumaila. Ranar rabon gado ta faɗa hannun yayansa Salmanu. Labaran, da zuciyarsa a kusa take tun yana saurayi, ya fizge ta ya maka da dutsen niƙa, ƙotar ta dare biyu a gaban dangi. Salmanu bai ɗaga murya ba. Cewa ya yi, "Ranar da ka mayar mata da ƙotarta, ranar nake da ƙane." Shekara ashirin da shida ke nan, ba gaisuwa ba ta'aziyya. Labaran ya bi ta Sudan, ya zauna Makka, ya ƙare a Dubai yana yi wa 'yan kasuwa tafinta.

Sai da likita ya gaya masa zuciyarsa ta kumbura sannan ya tashi haiƙan neman ƙota. Ya zaga shagunan da ke rataye tsofaffin bindigogin Larabawa don ado. Wani ya yi masa dariya, wani ya ɗauki waya zai kira 'yan sanda. A ƙarshe ya samu wani kafinta Bafakistane a Ras Al Khor wanda ya ce kakansa ya riƙe irinta. Wasila, 'yar Salmanu, ta ɗauki hoton bindigar a ɓoye ta turo, tsohon ya zana sauran a bayan kwali daga abin da kafaɗarsa ta tuna. Sau uku ana sassaƙawa yana cewa ba ta yi ba. Da ta yi, sai ya kwashe wata guda yana murza mata man kaɗe da tafin hannu, wanda yake karɓa wurin Damata, 'yar Gana mai dafa musu shinkafa da wake a hawa na biyu.

"Shekara nawa ina kawo maka mutane shagon nan?" in ji tsohon. Numfashinsa ya fara sama-sama. "Yau na zo da abu ɗaya, abin da bai kai nauyin takalmi ba, kana kallona kamar na kawo maka gawa."

"Baba, ka bari abubuwa su lafa."

"Ni zan jira su lafa? Ka tambayi likitan nawa ne ya rage min?"

Mutane suka fara leƙowa. Wani Ba'indiye mai turin kaya ya tsaya a ƙofa yana kallo. Maharazu ya ji kunya ta haɗu da haushi.

"Halas, shi ke nan, Baba. Kawo. Za ta tafi ranar Alhamis."

Tsohon da kansa ya naɗe ta ya sa a kwali, ya rubuta sunan yayansa da manyan baƙaƙe, ya liƙe. Yana fita Maharazu ya tura kwalin can ƙarƙashin kanta, bayan damin buhunan leda. A ransa cewa ya yi sai kwantena ta gaba. Kwantena ta gaba ta zo ta tafi, wadda ke bin ta ma haka.

Ƙarya kuwa ba ta zama ita kaɗai. Kullum da safe a bakin matakala tsohon zai tare shi.

"Ta kai ina?"

"Tana teku, Baba."

Bayan sati biyar ta isa Legas. Ta yi kwana goma a hannun kwastan, Maharazu har da tsaki yana zaginsu. Ta hau tirela, ta wuce Lakwaja, ta shiga Kano. Shi kansa ya fara jin haushin tsohon, yadda mutum ke jin haushin wanda ya cuta. Don ya huta da tambaya, wata safiya ya ce, "Ƙanena ya kai masa jiya. Hannu da hannu."

Baba Labaran ya dafa bango. Sai ya ciro wayarsa ya duba ko tana da caji.

Daga ranar wayar ba ta bar tafin hannunsa ba. Da ita yake shiga masallaci, a gefen faranti yake ajiye ta. Damata ta ce ya kira Wasila mana ya ji. Ya ce a'a, ba zai yi roƙo ta hannun yarinya ba, shi ya yi nasa, saura yayansa ya yi nasa. Sati ɗaya, sati biyu. Ƙafafunsa suka kumbura, takalmi ya daina shiga. Sheƙin da ke idonsa ya koma wani abu daban, ya fara faɗa da kowa, har da mai shara.

Ranar Talata da hantsi ya faɗi a matakala. Maharazu da Damata suka kai shi asibiti.

Washegari bayan azahar Maharazu ya je dubiya da niyyar faɗin gaskiya. Tun daga tashar mota yake jera maganar a bakinsa. Ya tarar da tsohon da robar iska a hanci, wayar a kan ƙirjinsa.

"Bai kira ba," in ji Baba Labaran. "Ya karɓa, ya sa a bindigarsa, bai kira ba. Mutumin nan ciki ɗaya muka fito. Ni na goya shi a baya ranar da maciji ya sare shi, ni ƙarami. Ashe ba ƙota yake so ba, so yake ya ga na durƙusa, kuma ya gani."

"Baba, wataƙila ba ta isa hannunsa ba."

Tsohon ya juyo da kai a hankali. "Ba kai ka ce hannu da hannu ba?"

Ƙofa ce a buɗe, babu abin da ya rage sai ya shiga. Maharazu ya dubi idanun nan jajaye, ya dubi Damata da ke zaune tana ɓare lemo, ya tuna duk safiyar da ya yi tsaki a kan kwastan.

"Haka ne," in ji shi.

"To kada ka gaya masa na mutu. Ban yafe ba. Ka ji ni? Ka zama shaida."

Bai kai la'asar ɗin ranar Alhamis ba. Aka yi ta zirga-zirgar takardu kwana biyu, sannan aka binne shi a maƙabartar da ke bayan gari, mutum goma sha ɗaya a sahu, rana tana dukan ƙeya.

Wasila ce ta ji labari wurin wani ɗan kasuwa, ta kira wayar Maharazu ta miƙa wa ubanta. Maharazu yana shago. Muryar da ya ji irin ta Baba Labaran ce sak, sai dai ta fi tsufa.

"Kai ne maƙwabcinsa? Ya bar wata magana?"

Maharazu ya dubi ƙarƙashin kanta.

"Yarinyar nan ta gaya min yana neman ƙota," in ji Salmanu. "Tun bara ta gaya min, ita ba ta iya ɓoye abu. Na sauko da bindigar, na goge ta, na cire tsohon katakon na ajiye. Duk motar da ta tsaya a bakin kasuwa sai na aika a duba. Na ce ko sanda ya aiko zan kira shi. Ashe bai samu ba."

Nan Maharazu ya fashe. "Kai wane irin mutum ne? Shekara ashirin da shida saboda guntun ice? Hannunka ya karye ne da ba za ka danna waya ba? Mutum ya mutu da waya a ƙirji yana jiranka!" Ya yi ta zazzaga har masu turin kaya suka taru a ƙofa, kuma duk kalmar da ya jefa ya san ba Sumaila ta nufa ba.

Tsohon bai katse shi ba. Da ya gama sai ya ce, "Ka yi gaskiya, ɗana. Laifina ne. Allah ya saka maka da ka riƙe min shi."

Wayar ta katse. Maharazu ya sauke ƙofar shagon rabi, ya durƙusa, ya janye buhunan leda. Kwalin na nan inda ya tura shi wata uku da suka wuce. Zafin Dubai ya narkar da man kaɗen, ya ratso kwalin, ya yi wani baƙin zagaye daidai kan rubutun. Sunan Salmanu ya jiƙe, amma har yanzu ana iya karanta shi.