Dundumin Bunu

Rana na faɗuwa, idon Bunu sai ya bi ta. Masunci ne da ya san kowane lungu na kogin Haɗejiya, amma dundumi ya mayar da shi kamar kaza, da magariba sai laluben bango. Ranar da ya kife da jirgi a kan kututture, Sarkin Ruwa ya ce ya haƙura da su har idonsa ya dawo. Masuncin da aka raba da ruwa kuwa, me ya rage masa?

Matarsa Gumsu ba ta tsaya kuka ba, don ba halinta ba ne. Ta nufi bariki, inda ƙanenta Shu'ibu ke ban ruwa a lambun Bature Di'o. Ya ƙulle mata wani iri a tsumma.

"Karas sunansa, Yaya. Na ji malamin asibiti yana cewa yana gyara ido. Ki shuka, ki riƙa dafa masa."

Bai kai ga ƙarin bayani ba kukun gidan ya ƙwala masa kira, ya ruga.

Ruwa na janyewa daga fadama, Gumsu ta ja fangali uku ta yafa irin. Ita ce jan jigo har tafin hannunta ya yi kanta. Matan unguwa suka ce Gumsu ta zama namiji, ta ce su yi ta faɗa.

Ganye ya fito kore shar. To, me ake yi da ganye in ba miya ba? Ta bar fangali ɗaya don iri, sauran ta riƙa yanka kamar alayyafo, ya toho ta sake yankewa. Kullum Bunu sai ya yamutse fuska a kan akushi.

"Gumsu, wannan miya ko maƙiyinka ka ba, ai ka ɗauki alhaki."

"Sha, Malam. Ba don daɗi na dafa ba."

Ya sha har sanyi ya wuce, ido shiru. Ran nan ya naɗe komarsa ya ce a kai wa ƙanensa, tunda shi tasa ta ƙare. Gumsu ta fizge ta, ta cusa ƙarƙashin gado.

"Ba dai ina numfashi ba."

Ana haka Shu'ibu ya kawo ziyara, ta kai shi fadama ya ga aikinta. Ya dubi fangalin da aka yi wa ƙwal-ƙwal, ya ɗora hannu a ka.

"Yaya! Aski kike masa?"

Ya sunkuya a fangalin iri, ya kama ganye ya tumɓuke. Sai ga saiwa jawur kamar an tsoma ta a manja. Gumsu ta yi sororo. Ta tona inda ta yi ta yanka, saiwar duk ta tsumbure kamar wutsiyar ɓera. Kunya ta kama ta: ashe maganin na ƙarƙashin ƙafarta, ita tana ɗura wa bawan Allah ɗaci!

"Ba ka faɗa mini ba."

"Wa ya san za ki..."

"Rufe mini baki. Miƙo kwandon."

Fangalin irin nan shi kaɗai ya rage, ta kuwa bi shi da lissafi. Kullum ta ciro kaɗan, ta dafa da man gyaɗa kamar yadda Shu'ibu ya ga kuku na yi da man shanu, ta tsaya a kan Bunu har ya suɗe. Ba ta tambayarsa ko ya ji sauƙi, don tana tsoron amsar.

Ranar da fangalin ya kusa ƙarewa, bayan sallar magariba, ta ɗauki taɓarya ta gitta a ƙofar zaure, ta koma bakin murhu. Ta ji takunsa daga masallaci. Ya iso, ya ɗaga ƙafa ya tsallake.

"Wane mara hankali ne ya yar da taɓarya a hanya?"

"Ni ce, Malam," in ji Gumsu, ta ci gaba da hura wuta.