Ranar da Inna ta shiga ɗakin saba

A ofishin nan babu wanda bai san Madam Ƙura ba. Ita ke kula da ɗakin saba, inda manyan na'urori ke jere cikin sanyi suna riƙe da bayanan kamfanin, kuma kowa ya haddace dokokinta: ba a shiga da kwali, ba a shiga da abinci, takalmi sai an sa masa leda. Shi kansa manaja ta taɓa mayar da shi daga bakin ƙofa.

Wata Talata da hantsi mahaifiyarta ta fito daga asibitin ido, ta ce bari ta leƙa ta ga inda autarta ke yini. Dogo, mai haɗa wayoyi, shi ya rako ta har ƙofar ɗakin yana ta washe baki.

"Inna, ai da kin kira ni," in ji Madam, tana gyara hularta.

"In kira ki in ce me? Matsa in gani."

Inna ta ɗaga ƙafa ta taka tabarmar da ke bakin ƙofa, silifas ɗinta ya manne. Ta ja, ya ce ɗaf. Ta dubi 'yarta sama da ƙasa.

"Auta, wa ya zubar da abu a nan ba ki goge ba?"

"Haka aka yi ta, Inna. Danƙon ne ke kama ƙurar takalmi."

"To Allah ya kyauta."

Da ƙyar ta yarda aka sa mata leda a ƙafa. Tana shiga ta ja mayafi ta rufe kunne, ta ce ɗaki ba taga ba iska, ga sanyi kamar cikin firij. Ta nemi tsintsiya ta ɗan taimaka.

"Inna, ba a shara a nan! Tsintsiya tayar da ƙura take yi, fankokin na'ura su zuƙe, su toshe, na'urar ta ɗau zafi ta mutu. Inji muke sawa ya tsotse."

Inna ta juya wajen Dogo. "Ɗan nan, ka ji mai magana? Yarinyar da sai an yi yaƙi take share ƙarƙashin gadonta. Mun taɓa ciro kofin shayi a can har ya yi gashi."

Dogo ya dafa bango, dariya ta hana shi numfashi. Madam ta harare shi, ta ji kunnuwanta sun ɗau zafi duk da sanyin. Don ta sauya zance sai ta zaro matatar iska da ta cire da safe, ta fito da Inna waje, ta buɗe ledar da ta ƙunshe ta a ciki ta nuna. Ƙura ta yi mata kauri kamar bargo.

Inna ta gyara tabarau ta daɗe tana kallo. "Duk wannan ke kika tare?"

"Ni ce."

"Kai, madalla. Ashe aikin naki na gaske ne." Ta shafa kafaɗarta, sannan ta ƙara, "Ranar Asabar ki zo da injin nan. Bayan firij ɗina na jiranki."

Kafin a tashi aiki labarin kofin shayi ya zagaye bene uku. Madam ta sha tsokana har ta gaji ta shiga dariyar ita ma. Ranar Asabar kuwa ta je, amma da tsintsiya, don injin na kamfani ne.