Tsaga Biyu a Kunnen Hagu

A yi wa mai koyon rubutu afuwa. Ba gwaninta ta sa ta ɗauki alƙalami ba, abin ne ya tsaya mata a maƙoshi.

Mako uku da sace bijimin Malam Ilyasu, sai ga shi ɗaure a mayankar Garuwa, a hannun Muktar mahauci, wanda ya rantse daga Mora ya sayo shi. Malam ya nuna tsaga biyu da ya yi masa a kunnen hagu. Sarkin pawa ya ce duk mai ido zai iya ganin tsaga ya ce tasa ce. A kawo shaida kafin azahar, in babu, wuƙa ta hau.

Fa'iza, 'yar Malam Ilyasu da ke lise, wato sakandare, tana da hoto a waya: Baba riƙe da igiya, bijimin can baya. Sarkin pawa ya ƙanƙance ido. "Wannan ƙwayar geron? A kawo mini shi a takarda, babba."

A shagon wankin hoto, Madam Sidonie ta duba, ta taɓe baki. "Ƙanwata, wannan wanda WhatsApp ya matse ne. Ina na asali?"

Fa'iza ta sunkuyar da kai. Ita ta goge shi tun bara, don littattafan jarrabawa su sami wuri a wayar.

"Hoto ɗigo-ɗigo ne," in ji Madam. "A waya a cunkushe suke, shi ya sa kike ganinsa tar. In na ja shi ya cika takarda, ba ƙaruwa za su yi ba, kumbura za su yi. Kunnen nan duka bai kai ɗigo goma ba."

"A dai gwada, Madam."

A mayanka Malam Ilyasu ya karɓi takardar a naɗe, ya warware ta a gaban jama'a. "'Yata 'yar boko ce. Ku duba da kyau."

Muktar ya leƙa. "Malam, sa ne wannan, ko bulo aka jera?"

Aka kwashe da dariya.

"Ni ko kunnen ban gani ba, balle tsaga," in ji sarkin pawa. Ya ɗaga kai ya dubi rana.

Malam ya karkata takardar wajen haske. Ya kama hannun rigarsa yana goge wurin kunnen a hankali, kamar datti ne zai fita.

"Fa'iza, zo ki nuna musu."

Bai ɗago ba. Ita kuwa ta riga ta raɓa ta bayan fatun da aka shanya, ta fice ta ƙaramar ƙofa.