Fatalwa Mai Gudun Kwata

Fatalwar ta fito daga bayan kango, hannuwa a miƙe, fuska fara fat, sai gidan kallon ya kece da dariya gaba ɗaya.

Auta ba ta motsa ba. Tana zaune a tsakiyar layi da jakarta a kan cinya, Inna a gefenta tana fifita da bakin mayafi. An toshe tagogi da baƙaƙen labule saboda rana, fanka ɗaya ce ke aiki, ita ma juyawa take kamar roƙonta aka yi.

"Ku dubi wuyanta!" wani direban tasi ya ɗaga murya daga baya. "Baƙi wuluk! Kan ne kawai ya mutu, sauran jikin yana nan da ransa."

"Hoda ce ta ƙare musu," in ji wata mai kitso da ke layin gaba.

Hodar ce kuwa ta ƙare. Auta ta fi kowa sani, don fuskarta ce a jikin farin bangon nan. Ita ta rubuta labarin a lokutan hutunta, a ɗakin gwajin jini na asibitin da take aiki. Da yarinyar da za ta fito a fatalwa ta ji cewa sai an kwanta a cikin rami, ta kashe wayarta, sai Auta ta cire takalmi ta shiga ramin da kanta. Ta gaya wa Darakta jini ba ya kama da tumatirin gwangwani, ita da take yini tana kallonsa a kwalba. Ya ce kyamara za ta gyara. Ta ce ana ganin rana a wurin da aka ce tsakar dare ne. Ya ce kyamara za ta gyara. Ga shi nan yanzu, an shafa wa hoton shuɗi, amma can bayan maƙabartar wani mai sayar da ruwa ya ajiye baronsa ya tsaya yana kallon ikon Allah.

Inna ba ta san komai ba sai cewa 'yarta ta ɗan taimaka da rubutu. Shi ya sa ta saki jiki, har tana share hawaye.

"Ita wannan ba ta da iyaye ne?" ta ce, tana zungurar Auta da gwiwar hannu. "'Yar mutane, ki shafa gari a fuska ki shiga duniya! Ni in tawa ce, cewa zan yi a asibiti aka musanya min ita."

"Inna, ki yi a hankali, ana jinki."

"A ji mana. Ke dai rubutunki ba laifi, su ne suka ɓata miki."

A bangon, fatalwar ta biyo mai gidan hayar da ya kashe ta cikin wani lungu. Yana gudu yana ihu, tana binsa. Sai suka iso wata kwata. Mutumin ya faɗa ciki ya fito. Fatalwar kuwa ta tsaya cak, ta sa yatsu biyu ta tattare bakin likkafaninta zuwa ƙwauri, ta tsallake a hankali, ta sauke, ta ɗan kakkaɓe, sannan ta sake miƙa hannuwa ta ci gaba da ɗaukar fansa.

Wani ya faɗo daga kan benci. Direban tasi yana dukan bango yana cewa a mayar baya a sake. Mai kitso ta riƙe ciki tana salati.

Inna ce kaɗai ba ta yi dariya ba. Mayafin ya tsaya a hannunta. Kyamarar da ba ta gyara komai ba ta nuna bakin likkafanin sarai, da shuɗin zaren da Inna ta bi shi da shi da hannunta.

"Auta."

"Na'am, Inna."

"Zanin gadon baƙina."

Ba tambaya ba ce. Haka suka zauna har ƙarshe, kafaɗa na gogar kafaɗa, ba wadda ta dubi wata.

Da aka yaye labule, mai gidan kallon ya fito gaba da lasifika, yana ta danne dariya. Ya ce an shirya Darakta zai amsa tambayoyi, amma ya fita amsa waya. Kowa dai ya ji tashin babur ɗinsa tun wajen kwatar nan.

"Sai dai ya shaida min ita fatalwar tana cikinmu," in ji shi. "In tana kusa, ta taimaka ta bayyana."

Kawuna suka fara juyawa. Hannun Inna ya sauka a wuyan hannun Auta, ya matse.

"Ki zauna," ta ce ƙasa-ƙasa. "Ba wanda ya gane ki. Rabin unguwarmu na nan, Auta. Kada ki kunyata ni."

Zama ba wuya. Ba hoda a fuskarta, ba wanda zai haɗa ma'aikaciyar asibiti mai farin tabarau da abin da suka gani. Amma ta tuna ramin. Ta tuna cinnaku suna bin bayanta, rana na dukan fuskarta, ita kuma ta ƙi ko ƙifta ido har aka gama, sannan Darakta ya ce a sake, ya manta bai danna maɓalli ba. Ta sake kwantawa. Ba ta yi wannan duka don ta zo ta ɓuya a bayan mai kitso ba.

Ta zare hannunta a hankali ta miƙe.

Shiru ya biyo ta har gaba, sannan aka fashe da ihu da fito. Ta karɓi lasifikar, ta tsaya tana jira, irin jiran da take yi wa mai tsoron allura har ya gama surutunsa ya miƙo hannu.

"Malama, don Allah," in ji direban tasi, "me ya hana wuyan mutuwa?"

"Hoda ce ta ƙare. Kai da motarka rabi ja rabi shuɗi, ai ka fi kowa sanin yadda fenti ke ƙarewa."

Aka juya kansa da dariya.

"Ni dai ko ɗar ban ji ba," in ji mai kitso.

"Na gani, Yaya. Shi ya sa da ƙofar nan ta buɗe da kanta kika cafke cinyar tsohon da ke kusa da ke. Baba, sannu, ƙafar ta saki?"

Wani saurayi mai rataye da jakar kwamfuta ya miƙe ya fara bayanin yadda ake yin irin waɗannan finafinai a ƙasashen waje, da haske, da sauti. Ta bar shi ya kai aya.

"Gaskiya ne," ta ce. "Ranar da za a nuna naka, ka ajiye min kujerar gaba."

"To kwatar fa?" wani ya ƙwala daga lungu. "Gawa da tsantseni?"

Auta ta dubi tsakiyar layi. Inna ta sunkuyar da kai tana gyara bakin mayafi.

"Zanin ba nawa ba ne," ta ce. "Kuma a gidanmu ba a jan farin kaya cikin kwata, ko da rai ko ba rai."

Wasu suka tafa. Wasu ba su tafa ba.

"Fim ɗin dai shirme ne!" in ji muryar lungun.

"Shirme ne," in ji Auta. "Mun dai gama shi. Kai ma ka zauna har ƙarshe."

A waje rana ta yi sanyi. Inna ta yi gaba da sauri, Auta na biye da ita, ba ta san ko yau za a yi mata magana a gida ba. A bakin titi suka ci karo da matar mai shagon layinsu, tana gyara ɗaurin kallabi, bakinta har kunne.

"A'a, maman fatalwa! Sai mun zo barka."

Inna ta tsaya. Ta dube ta tun daga kallabi har silifa.

"Ku zo," ta ce. "Tawa dai an biya an shiga an kalle ta. Naki ɗan da ke zaune a ƙofar shago tun safe, kyauta ma ba mai kallonsa."

Suka wuce wurin jiran bas. Bas ta zo cike, suka bar ta ta tafi. Inna tana kallon titi.

"Sauri kike yi," ta ce daga baya.

"Na'am?"

"A lungun nan. Kina binsa kamar kin makara aiki. Wanda ya mutu ina za shi da gaggawa? In za ku sake, ki taka a hankali, ki bar shi ya yi ta gudunsa." Ta gyara mayafi, har yanzu ba ta dube ta ba. "Shi ne za su ji tsoro."