Gadon Auta

Mijina kafinta ne, kuma a ganinsa babu abin da zai lalace a duniyar nan wanda katako da ƙusa ba za su gyara ba. Shi ya sa ranar da likita ta zayyana mana matsalar Auta, 'yarmu mai shekara huɗu, kunnensa abu ɗaya tak ya kama.

Matsalar biyu ce. Abinci na taso mata daga ciki yana ƙona maƙogwaro har ta yi amai, sannan 'yan wuyanta sun yi girma har numfashinta na ɗaukewa cikin barci. Likita ta ce ta farkon, magani da ɗaga kan gado. Ta biyun kuwa, ko a cire 'yan wuyan da tiyata, ko ta riƙa kwana da na'urar taimakon numfashi a hanci. Na'urar mun gwada sati biyu, Auta ta ƙi ta ƙememe.

"Ba mai sa wa 'yata wuƙa," in ji shi. "Ai cewa likita ta yi a ɗaga gado."

Ya ɗaga kuwa. Inci huɗu, shida, takwas, har yarinya ta fara zamewa kamar buhu. Aman ya ragu, ba zan yi masa ƙarya ba, amma ɗaukewar numfashin tana nan daram. Shi da ya kwanta ko gini ne ya faɗo bai sani ba, ni ke zaman gadi. Na yi magana har bakina ya gaji. Na san tsoro ne ke cinsa, ni ma yana cina, sai dai haushinsa ya fara fin tausayinsa a raina.

To, gani ya kori ji. Wata rana da azahar na kai masa ita shago. Da yake ba ta samun barcin kirki, nan take ta ɓingire kan benci. Na kashe masa injin yanka.

"Maigida, kai ne ba ka yanka katako sai ka auna sau biyu. Ga agogo, auna."

Ta ja minshari, sai tsit. Ƙirjinta na kokawa, iska ta ƙi shiga. Ya kafa wa agogon ido, leɓɓansa na motsi. Goma. Sha biyar. A daƙiƙa ta sha tara ta zabura ta fizgo numfashi.

"Haka take yi?"

"Kullum. Sake aunawa."

Bai sake ba. Ya sunkuya ya ɗauke ta, garin katako duk a gashinta.

"Kira likitar," ya ce. "Mun yarda. Amma ni zan kai ta har ƙofar ɗakin tiyatar da hannuna."